Shekara guda da rasuwar Dogo

Tela na Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan fada, na gida da na nesa. Jiya bayan isha'i na bi ta bakin fada, yara sun ɗora shayi, sai na ga wani yaro da ban sani ba zaune a ƙarshen bencin nan da muka tokare da bulo. Wurin Dogo. Na tsaya kamar in ce masa ya matsa, na ga ba ni da hujja, na wuce. Da na isa gida na ƙirga, ashe jibi Alhamis shekararsa guda cif a ƙasa.

Akwai sabbi a zauren nan da ba su san shi ba sai a hoto. Tare muka tashi a Bagalam, layi ɗaya, aji ɗaya a lakkwal. Sau biyu yana zana jarrabawar shiga aikin ɗan sanda. Ta farko ya faɗi, muka yi ta yi masa tsiya muna cewa tsawo kaɗai gare shi. Ta biyu ya ci, ya tafi makarantar ƴan sanda ta Yamai. Ranar da ya zo hutun farko, kai ƙwal, ya rame kamar karan dawa, bai zauna ba sai da ya shanye ƙwaryar furar tsohuwarsa a tsaye. Ya yi shekaru yana ba da hannu a mararrabar da ke kusa da babbar kasuwa. Wanda ya san wurin ranar Litinin ko Juma'a ya san aikin: kabu-kabu, adaidaita, amalanken shanu, manyan motoci, kowa na ganin shi ne mai sauri. Daga baya aka mayar da shi cikin masu sintiri a bakin iyaka.

Daren da abin ya faru damina ce kamar yanzu, hatsi ya rufe mutum. Aka kira su cewa ƴan bindiga sun shiga wani ƙauye kudu da Madarumfa, sun kora shanu, sun tafi da mata biyu. Suka bi sawu, aka yi musu kwanton ɓauna a wani kwari. Da hantsi aka kawo shi. An rufa wa makarar tuta, manya sun zo, an yi jawabi, an rufe shi kafin azahar.

Abin da ya hana ni barci jiya shi ne shaddarsa. Kwana tara kafin nan ya kawo mini yadi biyar, fara, ya ce ta suna ce, iyalinsa ta kusa. Na auna shi, awon na nan cikin littafina. Har yau ban sa mata almakashi ba, kuma na kasa mayar wa gidansu. Ina so mu yi shawara, mi za mu yi ranar Alhamis. Kar ranar ta wuce kamar ba a yi shi ba.

Hajiya ta Zariya:
Allahu akbar. Har shekara. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na Kwatano:
Allah ya gafarta masa. Ni shawarata a yi abin da gari zai gani. A buga riguna da hotonsa, a shirya gasar ƙwallo tsakanin kartiye da kartiye, kofin ya ɗauki sunansa. In da hali a rubuta wa magajin gari takarda a nemi a sa wa layinmu sunansa. Kuɗin rigunan na ɗauka.

Direban Ɗan Isa:
Allah ya jiƙan Dogo, ya kyauta namu ƙarshe. Amma tun kafin a yi nisa bari in faɗi tawa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In don Dogo ne, ina ciki da jikina da aljihuna. In kuwa za a mayar da abin bikin yabon masu kaki gaba ɗaya, ku cire ni. Shekara 14 ina bin hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa har Jibiya. Fermi, takardar mota, asiransi, komai nawa cikakke, amma sai ka sauko, sai ka gaida mutum da abin shayi. Fasinja talaka da ya manta katinsa a gida a sauke shi a rana, ya ba da kuɗin da zai sayi magani. Wannan ma sadaukarwa ce?

Auta:
Haba Yaya Direba, yau ranar wannan magana ce? Mutum na kwance cikin kabari.

Direban Ɗan Isa:
Auta, kai yaro ne, tsaya ka ji ƙarshenta. Dogo da kansa ya taɓa kama ni, lokacin yana mararraba. Na yi lodi ya wuce ƙa'ida, har bisa rufi. Na leƙo ina dariya, ɗan fadarmu ne ai. Ya karɓi takarduna. Na dunƙula masa jikka guda, ya ce in mayar aljihu in bi shi komisariya. Na biya kuɗin tara, aka ba ni rasit. Wata guda ban yi masa magana ba, shi kuwa kullum sai ya zuba shayi ya miƙo mini kofin farko. Rasit ɗin na nan cikin motata har gobe, ban san dalilin da ya sa ban jefar ba. Don haka nake cewa kar a haɗa shi cikin buhu ɗaya da waɗancan. Zalunci ne a kansa.

Baba Tsohon Gardi:
Ƴaƴana, na karanta duka, jikata ce ke rubuta mini don idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Direba, ba ka yi ƙarya ba, kuma ba zan ce wake ɗaya ne ya ɓata gari ba, waken ya fi ɗaya. Na shiga aiki ana ce mana gardin jamhuriya, aka zo aka sake mana suna FNIS, na ajiye kaki kafin a mayar da shi gardin ƙasa a 2010. Na tsaya a shinge ni ma. In na ce muku hannuna bai taɓa karɓar abin da ba nawa ba, na yi ƙarya ga furfurata. Ina roƙon Allah gafara kan wannan kowace asuba.

Amma ga abin da ba ka gani daga cikin mota. Mutumin da ya tsayar da kai da rana, shi ne wanda za a tada cikin dare a ce shiga mota, an shiga ƙauye kaza. Ba a zaɓen na kirki a tura, ba a zaɓen mugu a bari. Kuma harsashi ba ya tambayar wa ya ci jikkar direba. Na binne abokan aiki da na san halinsu ba shi da kyau, amma da aka ce a tafi, sun tafi. Ni ban san yadda Allah zai auna wannan ba, shi ya sa na bar masa.

Kuma ku yara ku daina cakuɗa mu. Ɗan sanda da gardi suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarma da soja suna ƙarƙashin ta tsaro. A zamaninmu ɗan sanda na gari ne, ɓarawon kasuwa da rikicin tasha da hannun mota. Daji na jandarma da gardi ne. Yanzu abin ya cakuɗe, sintirin haɗin gwiwa ake yi, mota guda za ka ga kaki kala uku. Da can aikinmu a kudancin nan ɓarayin shanu ne masu sanda da kwari da baka, sai rikicin manoma da makiyaya in kaka ta yi. Wa ya taɓa tunanin ɗan sandan da ya koyi ba da hannu zai mutu cikin gonar hatsi?

Direban Ɗan Isa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na ji. Ban janye maganata ba, amma na ji.

Mushe:
Abin da Baba ya faɗa kan cakuɗewar aiki shi ne gaskiyar shekarun nan. Tun 2019 da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara kwararowa Gidan Rumji da kewaye, dubbai, har aka kafa musu matsuguni irin Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, mun san gemun maƙwabci ya kama da wuta. Iyakar nan layi ce a takarda. Mai moto ya fito daga dajin can, ya bi ta Baban Rafi, ya yi ɓarna ya koma kafin asuba. Shi ya sa aka kafa rundunar tsaro ta Farautar Bushiya, shi ya sa irin su Dogo suka bar kwalta.

Ni ina goyon bayan Na Kwatano a kan suna. A Inates, Disamban 2019, an kashe sojoji 71. A Sinagodar, wata guda bayan nan, 89. An yi zaman makoki na kwana uku, an sassauto da tuta. Yau wa zai iya kawo sunan mutum biyar daga cikinsu, in ba danginsu ba? Lamba muke riƙewa. Ina koyar da yara sunayen sarakunan Katsinar Maradi tun daga Ɗan Kasawa, suna haddacewa, amma wanda ya mutu bara don su kwana lafiya ba su san shi ba. In an rubuta sunansa a bakin layi, wata rana yaro zai tambaya.

Maman Ƴan Biyu:
Ku yi haƙuri maza, zan shigo da ƙafar hagu. Katanga ɗaya ta raba ni da matar Dogo. Tun safe nake karanta riguna da ƙwallo da allon bakin layi, ban ga wanda ya tambayi mi suka ci jiya ba.

Kwana 23 bayan rasuwarsa ta haihu, namiji, aka mayar masa da sunan uban. Ni na kwana da ita asibiti. Yanzu yara huɗu ke gabanta. Satin farko gidan ba wurin sa ƙafa, buhun shinkafa, katan na sabulu, ambulan daga manya. Allah ya saka musu. Bayan sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke ɗif. Ku kanku ƴan fada, ban da Tela da mutum biyu, yaushe rabonku da ƙofar gidan?

Sai maganar haƙƙinsa. Aka ce ta haɗa dosiye. Takardar mutuwa, takardun haihuwar yara, takardar aure, takardar magada. To auren a masallaci aka ɗaura shi kamar na kowa, ba su je an rubuta ba. Sai da aka nemo shaidu aka je kotu aka yi takardar da ke maye gurbinta. Yarinya ta biyu ma ba ta da takardar haihuwa, ita ma kotu. Mace mai jego, da goyo, tana bin ofis ofis cikin adaidaita. Inda aka kai dosiyen ba zan faɗi suna ba, amma sau nawa ana ce mata ya tafi Yamai, ki dawo wata mai kamawa. Wani abu ya fito, ba zan yi musu ƙarya ba, amma babban bai fito ba har yau. Gidan haya ne. Mai gidan mutumin kirki ne, ya yafe wata huɗu, shi ma da iyalinsa. Yanzu ƙosai take toyawa da safe a bakin layi, layin da kuke son sa wa sunan mijinta.

Oktoba ta kusa, yara uku za su koma lakkwal. Ku auna kuɗin riga ɗari da hoto, ku auna littattafai da takalma.

Hajiya ta Zariya:
Wallahi kin faɗi gaskiya ƴar uwa. Kunya ta kama ni. Ni ma tun suna ban koma ba.

Na Kwatano:
Maman Ƴan Biyu, kin yi mini wankin babban bargo, kuma na cancanta. Ina nesa, ban san haka abin yake ba, na ɗauka gwamnati ta gama komai tun da na ga hotunan jana'iza. Kuɗin rigunan na mayar da su haya. Tela ka ba ni lambar da zan turo ta Nita.

Mushe:
Hajiya Maman Ƴan Biyu, ban musa miki ko kalma ɗaya ba. Amma kar a ce sai ɗaya. Takardar neman suna ba ta cin ko dala, ni zan rubuta. Ciki na buƙatar tuwo, yaron nan da bai ga ubansa ba kuma wata rana zai buƙaci abin da zai nuna.

Maman Ƴan Biyu:
Mushe rubuta, ban hana ba. In ka gama ka rubuta ta biyu, ta bin sawun dosiye, tunda kai ka iya faransancin da suke ji.

Malam na Limanci:
Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan ɗan uwanmu. Abu uku zan taɓa a gajarce, na ga ana ta turo mini tambaya ta gefe.

Masu rubuta shahidi a ƙarƙashin hotonsa, muna yi masa kyakkyawan zato, muna roƙon Allah ya karɓe shi a cikin shahidai. Ya fita cikin dare don ƙwato matan mutane da dukiyarsu, kuma hadisi ya zo cewa idon da ya kwana yana gadi saboda Allah wuta ba ta taɓa shi. Amma yanke hukunci cewa wane shahidi ne, wannan na Allah ne, mu addu'a ce tamu.

Wanda ya fi damuna shi ne bashi. Ya tabbata cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ma'aikaci mai albashi da wuya ka same shi ba ya da ɗan littafi wurin mai kanti ko mai hatsi. An bincika? In akwai, wannan ya riga riga da ƙwallo, ya riga ma rabon gado.

Gado kuma, in haƙƙin ya fito a kira masani. Abin da ya zama gado, matar tana da ɗaya bisa takwas tunda akwai ƴaƴa, mahaifiyarsa ɗaya bisa shida, saura na yara, har da wanda aka haifa bayansa. Abin da hukuma ta ware da sunan marayu kuwa nasu ne. Na sha ganin inda kuɗin mamaci ya raba gidan da mutuwarsa ba ta raba ba.

Ɗan Mokoyo:
Malam, to taron cika shekara fa? Ni dai a fahimtata ba shi da asali, kar mu je neman lada mu kwaso zunubi.

Hajiya ta Zariya:
An fara. Ɗan Mokoyo don Allah yau dai ka bar mu.

Malam na Limanci:
Ɗan Mokoyo, wannan saɓanin ya girme ni ya girme ka, ba za mu ƙare shi a waya ba. Ba wanda ya ce ciyar da maraya sai ranar kaza. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da Alhamis ba ya kai nasa Laraba.

Tela na Bagalam:
Malam, maganar bashi ta sa na tashi na je wurin mai kantin layinsu yanzun nan. Akwai. Jikka 31 da rabi, shinkafa da mai da madarar yara. Ya ce ya ji nauyin tambaya, ya ja layi ya bar shafin. Na ce kar ya yafe tukuna, ya bari mu biya, in ya so ya ba yaran da hannunsa.

Direban Ɗan Isa:
Wannan nawa ne. Kar kowa ya sa hannu. Gobe in na dawo daga hanya zan biya ta kantin.

Mai Kaki:
Salamu alaikum. Na daɗe a zauren nan ban taɓa magana ba, Dogo ne ya sa ni ciki. Aikinmu bai yarda in yi bayanin abin da ya faru ba, kuma ba zan yi ba. Mota ɗaya muke a daren.

Abin da zan iya faɗa, tun da muka tashi maganar rago yake. Wai na Maradi sun yi tsada, zai sa a nemo masa a kasuwar ƙauye. Muna ta yi masa dariya, muna cewa ɗan sanda guda yana cinikin rago kamar dillali. Maganar da muke ke nan. Ba wata babbar magana ya bari ba, kar wani ya ƙirƙira masa.

Yaya Direba, na karanta naka. Ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Akwai masu yi, muna ganinsu, wasu sun girme mu a aiki. Abin da zan roƙa ɗaya ne. In mun shiga kasuwa da kaki, ana kallonmu kamar mun zo karɓar wani abu. In mun shiga ƙauye, kowa ya ce bai ga komai ba. Sai an gama ɓarna a kira. A daren nan, da an kira mu tun da aka ga masu moto na farko da la'asar, da wataƙila a fili za mu same su, ba cikin hatsi ba. Ban ɗora wa kowa laifi ba, kwana ne ya ƙare. Amma abin na ci mini rai.

Ɗan Gabi:
Ranka ya daɗe Mai Kaki, Allah ya tsare ku. Ni mutumin yankin ne, garinmu ba shi da nisa da inda abin ya faru, bari in amsa maka don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ƙin ku ake ba. Ku in kun zo za ku koma, mu nan za mu kwana. A cikinmu akwai masu kai musu labari, wani don kuɗi, wani don tsoro. Mutum ya kira ku da la'asar, kafin sati ya zagayo an san shi ne, a zo a ɗauke shi ko ɗansa. Wani wurin ma sai ka hau tudu kafin waya ta kama, kowa na ganinka. Gaba kura baya sayaki. Akwai damina guda da mutanenmu ba sa kwana ɗaki, da magariba kowa ya ja yaransa cikin gona.

Matan nan biyu sun dawo bayan sati bakwai, sai da aka sayar da shanun noma da gona guda. Ɗaya ƴar ƙanwar babata ce. Amma abin da ba ku sani ba, ƴan bindigar sun yi niyyar wucewa gari na gaba a daren, harbin da aka yi da su ne ya sa suka juya. Wannan kowa a yankin ya san shi. Da kaka ta yi, dattawan garin suka tara dami 12 suka ce a kai wa iyalin ɗan sandan da ya mutu. Ba su san sunansa ba, dogon nan kawai suke cewa. Ni na rako amalanken har bakin kwalta.

Maman Ƴan Biyu:
Ashe ku ne. Wallahi hatsin nan shi suka ci har bayan azumi. Ta yi ta tambaya daga ina, aka ce mata daga ƙauye, ba a faɗi wane ba.

Mai Kaki:
Ɗan Gabi, ban san da wannan ba. Zan gaya wa sauran. Na gode.

Auta:
Ni dai tunda kowa na faɗin tasa. Na kai takarduna, in an buɗe jarrabawar ƴan sanda zan zana. Inna ba ta sani ba tukuna. Yaya Dogo ne ya fara ce mini in gwada, har ya ce zai koya mini gudu.

Hajiya ta Zariya:
Auta ka rufa wa uwarka asiri. Kai kaɗai ne namiji gare ta.

Baba Tsohon Gardi:
Hajiya, bar shi. In ƴaƴan mutanen kirki duk sun ƙi, wa zai saka kakin? Sai waɗanda Direba ke kuka da su. Auta, ɗana, ka zo gida ka same ni. Amma kafin ka zo ka gaya wa uwarka da bakinka, kar ta ji a zaure. Kuma duk ranar da ka yi aure, ka je a rubuta shi a takarda a satin, ka ji abin da Maman Ƴan Biyu ta faɗa. Mu ba wanda ya gaya mana.

Direban Ɗan Isa:
Auta in ka ci, ranar da ka tsayar da ni ka ba ni rasit.

Auta:
Sai dai in ba ka yi lodi har rufi ba, Yaya.

Tela na Bagalam:
To ga inda aka tsaya, wanda na manta ya gyara mini. Bashin kanti na Direba. Haya Na Kwatano ya ɗauki wata uku. Mushe zai rubuta takardu biyu, kuma Baba ya ce akwai wani tsohon abokin aikinsa a Yamai da zai iya bin sawun dosiye da ƙafa, tunda daga nan sama da kilomita 600 ne, ba za a ce mai goyo ta yi ta zarya ba. Mu sauran, jikka guda guda duk wata, wanda ya fi ƙarfin haka ya ƙara. Mu 43 ne a zauren nan. Ba na son mu yi zafin farko mu watse kamar na bara, don haka Maman Ƴan Biyu ce za ta riƙe kuɗin, ita ce ba ta jin kunyar kowa. Alhamis bayan la'asar a haɗu ƙofar gidan tsohuwarsa a gaishe ta. Ɗan Mokoyo kai Laraba.

Ɗan Mokoyo:
Laraba in sha Allah. Buhun masara na wurina.

Maman Ƴan Biyu:
Na karɓa, amma duk wanda wata ya mutu bai biya ba, sunansa zan rubuta a nan kowa ya gani, har da Malam. Kuma Tela, na je na gaya mata maganar shaddar. Ta yi shiru, can ta ce ita ba za ta iya ganinta a ɗaki ba. Ta ce a ɗinka wa mazan biyu, babban da ƙaramin, in yadin zai isa.

Tela na Bagalam:
Yadi biyar ne, zai isa har da hula. Ki turo mini babban shago gobe bayan azahar in auna shi. Ƙaramin ki kawo wata rigarsa da ta yi masa daidai, zan ƙara yatsa biyu.

Na Kwatano:
Tela ka duba, na turo. Ka cire kuɗin ɗinki a ciki.

Tela na Bagalam:
Ya shigo. Kuɗin ɗinki Dogo ya biya tun ranar da ya kawo yadin.